Akwatin cajin ƙanena da aisin da bai kai ƙwayar wake ba

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 har kwalta ta yi laushi, ƙanena ya tsaya da babur a ƙofar shagona, ga batir ɗaure da roba a baya. Rumfar cajin waya gare shi a ƙauyenmu, can gaba da Gezawa, kuma ranar kasuwa ce babbar ranar cinikinsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, batirin nan ya gama yawo. Kafin la'asar ya kwanta, ga wayoyin mutane jibge, kowa na jira."

Batir ne mai bolt 12, amfiya-awa 100, ko shekara bai yi ba. Na auna shi, na ɗora masa kaya, na sake aunawa, ban ga laifinsa ba. Na ce masa ya koma ya ɗauko mini akwatin da yake jona wayoyin. Washegari ya kawo. Da na kwance murfin sai na ga 7805 guda goma a jere, wato ƙaramin aisi (ɗan guntun kayan lantarki) mai rage wuta zuwa bolt 5, an ɗaure su da noti a jikin guntun alminiyon na taga. Muka jona wayoyi shida, kafin mu shanye shayi alminiyon ɗin ya ƙi taɓuwa. Na kama hannunsa na kai kusa da shi, na ce, "Ga inda batirinka yake tafiya."

Ba na zagin 7805. Da shi maigidana ya fara koya mini aiki, ƙafa uku ne kawai, ba ya rikici, kuma tun shekarun 1970 ake amfani da irinsa. Sai dai yadda yake rage wuta shi ne ya ƙone rarar. Batir na ba da bolt 12, waya na son 5, saura 7. Idan wayar na jan amfiya 1, wat 5 ne ke shiga cikinta, wat 7 kuma su zama zafi. Kamar ka auno gero mudu 12 a kasuwa, ka isa gida da 5. Kashi 42 cikin 100 ke nan. Wayoyi goma a lokaci ɗaya na jan amfiya 10 daga batir, ɗan farantin solar da ke kan rumfar kuwa ko kusa ba ya mayar da haka.

Abin da muke kira sitef-dawun a kasuwa dabararsa daban ce. Ba ya ƙone rarar, yanka wutar yake yi gunduwa-gunduwa. Akwai makunni tsakanin batir da waya, yana kunnawa yana kashewa da saurin da ido ba zai gani ba. Idan a kowane zagaye ya zauna a kunne kashi 5 cikin 12 na lokacin, matsakaicin abin da ke fita bolt 5 ne. Amma waya ba za ta ci wuta mai tsalle daga 12 zuwa sifili ba, don haka ake sa kwail a gaban makunnin, a bi shi da kafasita. Ni da keken ɗinkin mahaifiyarmu na fahimci aikin kwail. Ƙafa na taka feda jefi-jefi, amma babban wilin ƙarfen nan ya ɗauki gudu ba ya son tsayawa, sai allura ta riƙa tafiya bai ɗaya. Haka kwail yake. Idan wuta ta fara bi ta cikinsa ba ya yarda ta tsaya farat ɗaya, yana tara ƙarfi lokacin da makunni ke kunne, ya saki lokacin da yake kashe. Kafasita kuma randa ce, tana shanye ɗan hawa da saukar da ya rage.

To a nan maganar take. Sa'ad da makunni ya kashe, kwail na nan yana tura wuta gaba, dole a ba shi inda zai jawo ta. In ba a ba shi hanya ba zai nema da ƙarfin tsiya, ya tayar da bolt mai yawan da zai fasa makunnin. Wannan halin nasa ne ake amfani da shi a wasu baburan, kwail ya ba fulogi tartsatsi. Tsohuwar mafita ita ce a sa dayod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, daga layin nagetif zuwa bakin kwail ɗin, wuta ta riƙa zagayowa ta cikinsa har makunni ya sake kunnawa.

Irin wannan ne LM2596, wanda duk mai gyara ya san shuɗin fanel ɗinsa. Kamfanin National Semiconductor ne ya yi shi, kafin Texas Instruments ya sayi kamfanin a 2011. Yana kunnawa da kashewa sau 150,000 a sakan, yana ɗaukar har bolt 40 a shiga. Da shi na fara gyara akwatin ƙanena, kuma nan take aka ga bambanci. Takardar bayaninsa ta ce daga bolt 12 zuwa 5 a kan amfiya 3 yana ba da wajen kashi 80 cikin 100. Ina sauran 20 ɗin? Makunnin da ke cikinsa tsohuwar taransisto ce, tana cin sama da bolt 1 idan kaya ya yi nauyi. Dayod ɗin da ke waje, ko da mai kyau ne irin Schottky, yana karɓar nasa harajin, kusan rabin bolt, duk lokacin da wuta ta bi ta kansa. Kuma shi ya fi daɗewa a bakin aiki, tunda makunni kashi 42 na lokaci yake kunne, sauran 58 duk na dayod ne. A kan amfiya 2, rabin bolt sau 2 sau 0.58, sama da rabin wat ke nan a ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Sai wani ya yi tambayar da ta dace: me zai hana a cire dayod ɗin a sa makunni na biyu? Shi ne aisin rage wuta mai makunni biyu, wanda Turawa ke ce wa sinkronos saboda makunnan biyu a kan kiɗa ɗaya suke rawa. Na sama ya kunna, na ƙasa ya kashe. Na sama ya kashe, na ƙasa ya kunna ya ba kwail hanya. Dukansu wani nau'in taransisto ne da ake kira MOSFET, shi kuwa MOSFET idan ya kunna ba shi da tsayayyen haraji irin na dayod, kamar guntuwar waya yake mai ɗan ƙaramin cikas.

Wanda na fi sani a cikinsu shi ne MP2307 na kamfanin Monolithic Power Systems na Amurka. Ƙafa takwas gare shi, jikinsa bai wuce milimita 5 ba, ga ɗan farin ƙarfe a cikinsa ta ƙasa don fitar da zafi. Yana karɓar bolt 4.75 zuwa 23, yana juyawa sau 340,000 a sakan, kuma cikas ɗin kowane makunni a cikinsa om 0.1 ne. Sai mu sake lissafin ɗazu. A kan amfiya 2, makunnin ƙasa na cin bolt 0.2 maimakon 0.5, asararsa ta sauko zuwa wajen wat 0.23. Na sama ma bolt 0.2 ne, ba 1 da ɗoriya ba. Tunda kullum ɗaya daga cikinsu ne a kunne, jimillar asarar biyun wat 0.4 ce. A LM2596 makunni da dayod tare sun doshi wat ɗaya da rabi. Akwai wasu asarori, na wayar kwail da na kunnawa da kashewa kansu, amma babban ramin an cike shi.

Idan bolt ɗin da ake so ya ƙara yin ƙasa, abin ya fi fitowa fili. Ƙwaƙwalwar kwamfuta wajen bolt 1 take ci. Daga 12 zuwa 1, hanyar ƙasa ce ke aiki sama da kashi 90 na lokaci, ka ga in dayod ne, rabin bolt a kan kowane bolt ɗaya zai riƙa tafiya a banza. Shi ya sa in ka buɗe kwamfutar cinya za ka ga kwail-kwail masu kusurwa huɗu kewaye da ƙwaƙwalwar, kowane da MOSFET ɗinsa na sama da na ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin da ke tsakanin makunnan nan biyu. Zagaye ɗaya bai cika maikrosakan 3 ba, wato kashi 3 cikin miliyan na sakan. Na sama ya yi wajen 1.2, na ƙasa ya ɗauki sauran. Idan suka kuskura suka haɗu a kunne, ko na ƙiftawa ne, batir ya samu hanya kai tsaye daga fozitif zuwa nagetif ta cikin om 0.2. Amfiya 60 ke nan a lissafi, aisin ya tashi aiki. Don haka aisin ke barin ɗan tsaiko tsakaninsu, na sama ya fita tukuna, a ɗan dakata, sannan na ƙasa ya shigo. Kamar surukai a ƙofar zaure, ba a haɗuwa. A cikin wannan ɗan tsaikon kwail ba ya jira, yana bi ta wani dayod da ke jikin kowane MOSFET tun daga ƙira. Ashe dayod bai bar gidan gaba ɗaya ba, an dai rage masa aiki daga kashi 58 zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai wata ƙaramar kafasita mai nanofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3, wadda na daɗe ina gani ban san amfaninta ba. Makunnin sama, kafin ya kunna sosai, sai an ba ƙofarsa, wato inda ake ba shi umarnin kunnawa, bolt da ya fi na ƙafarsa ta fita da wajen 5. To idan ya kunna, ƙafar fitar ta hau bolt 12, ƙofar na buƙatar 17, alhali batir 12 kaɗai gare shi. Daga ina? Lokacin da na ƙasa ke kunne, ƙafa ta 3, wato ƙafar fitar, na kan sifili, sai kafasitar ta cika da bolt 5. Da na sama ya fara kunnawa, ƙafa ta 3 ta tashi, ta ɗaga kafasitar tare da ita, kamar yaron da aka ɗora a kafaɗa ya tsinko mangwaron da babba bai kai ba. Na taɓa shafe yini guda ina canza aisi a wani fanel, ashe wannan 'yar kafasitar ce ta tsage.

Shi kuma aisin, sanin bolt nawa zai fitar, ta ƙafa ta 5 yake yi. Resista biyu ne ke raba wutar fita su kawo masa samfur, shi kuma burinsa ɗaya, ya ga bolt 0.925 a wannan ƙafar. In ya ga ƙasa da haka ya ƙara wa makunnin sama lokaci, in ya ga sama ya rage. Ka sa kilo-om 44.2 a ta sama, 10 kuma a ta ƙasa, ka samu bolt 5. Ka mayar da ta saman 26.1, ka samu 3.3. Ban da wannan, a kowane zagaye yana auna yawan wutar da ke bi ta makunnin sama, ya katse ta da zarar ta kai inda ake so, ko ta wuce iyaka. Ƙafa ta 8 kuma ta tashi a hankali ce, kafasita mai maikrofarad 0.1 a wurin tana sa wutar ta hau cikin kamar milisakan 15, ba ta faɗo wa kaya bagatatan ba.

Yanzu ga gaskiyar da masu talla ba sa faɗa. Wayoyi goma, wat 50. Da 7805 batir na ba da amfiya 10. Da LM2596 a kashi 80, wajen 5.2. Da mai makunni biyu, mu ce kashi 92, wajen 4.5. Idan rabin batirin kawai za a ci, amfiya-awa 50, kamar yadda ya kamata a yi wa batir mai ruwa in ana son ya yi ƙarko, to awa 5 ne, da awa 9 da rabi, da awa 11. Babban tsallen na barin 7805 ne. Daga LM2596 zuwa MP2307 awa ɗaya da rabi ce kawai ta ƙaru. Inda ya yi zarra shi ne zafi, daga wat 12 da rabi zuwa 4 da 'yan kai, a cikin akwatin da ke zaune ƙarƙashin rufin kwano. Da kuma girma, don saurin juyawarsa ya sa kwail mai maikrohenri 10 ya ishe shi, inda wancan ke neman 33 ko fiye.

Girman nan kuwa shi ya fara yaudarata. Na sayo ƙananan fanel ɗin nan da ake kira Mini-360, masu ɗauke da MP2307, kowane kamar farcen babban yatsa, na ce tunda an rubuta amfiya 3 a takardar aisin, waya uku-uku zan ɗora wa kowane. A kan amfiya 3 asarar makunnai ta zama wat 0.9, domin ninkawa take yi da kanta, 3 sau 3 sau 0.1. Kuma MOSFET na ƙara cikas idan ya yi zafi, cikas ɗin ya ƙara zafi. Takardar ta ce kowane wat na ɗaga zafin aisin da digiri 50, amma wannan a kan fanel mai faɗi ne mai yalwar tagulla da za ta kwashe zafin. Ɗan farce ba shi da wannan tagullar. Ka haɗa da rumfar da cikinta ya fi waje zafi. Aisin na kashe kansa a digiri 160, ya huce, ya dawo, ya sake kashewa. Ƙanena ya kira ni ya ce wayoyi na ta ƙara kamar ana zare caja ana mayarwa. Ɗan kwail ɗin ma yana ƙauri. Na koma waya ɗaya ga kowane fanel, amfiya 1 zuwa 1 da rabi, aka zauna lafiya. Ban da haka ma, ba kowane abin da aka buga wa wannan lamba ne na asali ba. Jabu sun cika kasuwa, kuma ba ka ganewa da ido.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, don kuɗi na biya. A kan waɗannan ƙananan fanel akwai 'yar resista mai juyawa da ake saita bolt da ita da bakin sukundireba. Na saita kowace a 5.2 don a cike abin da kebul ke ci, na rufe akwati. Hunturu ya zo da ƙurarsa, ga jijjigar babur duk ranar kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ta saki. Aisin ya duba ƙafa ta 5 bai ga komai ba, ya ɗauka wuta ta yi ƙasa, ya buɗe makunnin sama iya ƙarfinsa, kashi 90 na lokaci. Sama da bolt 10 suka shiga wayar wata baiwar Allah mai sayar da nono. Ƙanena ya ce har rumfar ta zo da mijinta. Na saya mata wata, na ba da haƙuri. Laifina ne, ba na aisin ba, abin da aka gaya masa ya yi. Tun daga ranar nake cire masu juyawar nan in liƙa tsayayyun resista, in sa fiyus a shiga, in kuma sa dayod mai kariya a bakin fita wanda zai janye wuta ya ƙone fiyus idan bolt ya haura. Kowane sitef-dawun na da wannan haɗarin, domin idan makunnin sama ya mutu, yawanci a haɗe yake mutuwa, duk abin da ke batir ya wuce kai tsaye.

Akwai kuma halin da ban so ba a MP2307, na rashin iya zama shiru. Da kwail mai maikrohenri 10, wutar da ke cikinsa na hawa da sauka da kusan amfiya 0.86 a kowane zagaye. Idan kaya ya yi ƙasa da rabin haka, wajen 0.43, ƙasan saukar na wuce sifili. Dayod da ya toshe, ba ya barin wuta ta koma baya. MOSFET kuwa gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa, sai wuta ta riƙa kai da komo tsakanin kafasita da kwail babu amfanin kowa, aisin kuma na ta kunnawa sau 340,000 a sakan ko babu waya a jone. Fanel goma da aka bari a jone dare guda suna lasar batir a hankali. Sababbin aisi sun magance wannan, suna kashe makunnin ƙasa da zarar wuta ta kai sifili, suna kuma tsallake zagaye idan kaya ba nauyi. Texas Instruments ma tagwaye ya yi, TPS563201 mai tsallakewa, da TPS563208 mai juyawa ba fashi don masu son wuta mai santsi a kowane hali. Ni dai makunni na sa wa kowane layi biyu na akwatin, na ce wa ƙanena ya riƙa kashe wanda ba kowa.

Sai maƙwabcinsa, wani dattijo mai sayar da goro da ba ya rabuwa da rediyo. Ya aiko a gaya mini tun da aka kawo sabon akwati rediyonsa ke ƙugi. Gaskiyarsa. Aisin na juyawa a kilohaz 340, ninkinsa kuma su ne 680, da 1020, da 1360, duk a tsakiyar matsakaicin zangon rediyo suke, kuma kaifin kunnawa da kashewar MOSFET na watsa hayaniya har gajeren zango. Dogayen wayoyin da na ja daga batir sun zama eriya. Na gajarta su, na murɗe ja da baƙa tare kamar igiya, na ƙara kafasita mai ruwa a bakin shigar kowane fanel. Wannan kafasitar na da wani amfanin, tana danne tsallen da bolt ke yi lokacin da aka maƙala batir, wanda da doguwar waya da ƙananan kafasitan tangaran kaɗai yana iya kusan ninka 12 ɗin. Ƙugin ya ragu. Sauran kuma na ce, "Baba, a ɗan matsa da rediyon gefen can." Ya matsa, ya aiko mini da goro.

Bayan girbi ciniki ya buɗe, ƙanena ya ƙaro batir na biyu, wani ya ba shi shawarar ya haɗa su a jere su zama bolt 24. Allah ya sa ya kira ni kafin ya jona. Batir mai 24 idan yana shan caji yana kaiwa 28.8, iyakar MP2307 kuwa 23, ko sakan guda ba zai yi ba. Na je ranar Lahadi da shuɗayen fanel ɗin LM2596 da na cire a baya, waɗanda ke ɗaukar 40, na ce ko dai mu mayar da su mu haƙura da zafin, ko a haɗa batiran gefe da gefe su zauna a 12. Ya tambayi wanne ya fi arha. Muka haɗa su gefe da gefe, na ƙara wa wayar kauri, na dawo da shuɗayen a jakata.